Motar da Ta Mayar da Ni Ƙane

Ni karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, ranar da babana ya lura gonar gero ta fi hedimasta buƙatata. Amma ko a aji huɗun an koya mana cewa duk abin da ke tafiya sai ya ci, wanda ya ci kuma sai ya sha. Jaki haka yake, doki haka yake, jirgin ƙasa ma da duk girmansa a zamaninmu tsayawa yake a tasha a ɗura masa ruwa. Da wannan ilimi na rayu lafiya har haƙorana suka fara yi mini sallama, sannan ɗana ya shigo mini gida da wata mota da ta ƙaryata malaminmu. Da a nan ta tsaya da ban ɗauki biro ba. Ɓarnar da ta yi mini ta fi haka, kuma ba za a gane ta ba sai na fara da labarin taubashina.

Rana ɗaya aka haife mu ni da shi, a gida ɗaya, a Bebeji. Uwarsa ƙanwar babana ce, aure ya kai ta Tudun Wada, ta dawo gida goyon ciki, naƙuda ta kama ta ranar da ta kama tawa uwar. Ungozoma ɗaya ce, tana fita wannan ɗaki tana faɗawa wancan. Uwata har ta koma ga Allah tana cewa ni na riga faɗowa, ta ji kukana kafin ladan ya kira azahar. Goggo kuma ta ce lokacin da aka kira azahar ɗin nata har an yanke masa cibiya. Ungozomar, Allah ya jiƙanta, duk wanda ya kai mata goro a ranar shi ne babba. Haka aka yanka raguna biyu rana ɗaya, aka bar mana shari'ar da babu alƙali.

To kowa ya sani ƙarami ne ke tashi ya je gaida babba. Biki da suna da ta'aziyya ba sa cikin lissafi, waɗannan kowa na zuwa. Amma mutum ya wanke ƙafa ya je wurin ɗan'uwansa ba don komai ba sai don ya ga lafiyarsa, wannan ya amsa da bakinsa ke nan cewa shi ne ƙane. Saboda haka tun muna samari ban taɓa zuwa gaishe shi ba, shi ma bai taɓa zuwa gaishe ni ba. Da wayar hannu ta shigo, hukuncin bai sauya ba: wanda ya fara kira shi ya gaida. Lambarsa na nan a wayata, jikokina suka sa mini, ko sau ɗaya yatsana bai taɓa kuskuren taɓa ta ba.

Kada a ɗauka gaba muke. Allah ya tsare. Hanya ce kawai muka rasa, har Allah ya kawo mana ita ta inda ba mu zata ba. Da girma ya kama shi ya bar wa 'ya'yansa gona, sai ya kafa rumfar mai a bakin titi, can ƙarshen Tudun Wada ta hanyar Doguwa, dab da inda ake shiga dajin Falgore. Irin rumfar 'yan bumburutu ce, jarkoki da galan-galan jere a kan tebur, ga mazurari da tsumman tacewa. Ɗansa ke zuba mai, shi kuma yana zaune a benci da rediyo a cinya, wai shi manaja. Ni kuma autata Doguwa aure ya kai ta, ɗana na tsakiya yana da gonar masara a can, duk lokacin da zai je sai in bi shi in ga jikoki.

Motarsa ta wancan lokaci, Allah ya saka mata da alheri a duk garejin da take yanzu, tsohuwar akwala ce mai shan mai kamar raƙumin da ya ƙetaro sahara. Gejin mai ɗinta ya mutu tun a hannun mai ita na farko. Ba mai hankalin da zai shiga Falgore da irin wannan mota bai ƙara mata mai ba, kuma rumfar taubashina ce ta ƙarshe kafin daji. Tsayawar ta zama dole, dole kuwa ba gaisuwa ba ce, wannan ko malamin da ya fi kowa tsanani zai yarda.

Sai mu tsaya. In fito ina miƙa, ina kallon tsallaken titi kamar ban san akwai mutum a wurin ba. Shi kuma ba tare da ya ɗago kai daga rediyonsa ba sai ya sanar da jama'a cewa ƙanensa ya zo gaisuwa. In ce mota ce ta zo shan mai, ni rakiya na yi mata, kuma yaro mai tarbiyya tashi yake ya ba yayansa wurin zama. Ya ce ba zai tashi ba, amma tunda tausayin na ƙasa wajibi ne zai ɗan matsa. Ya matsa, in zauna. A kawo fura daga cikin gida. Motar kuwa bayan ta sha mai sai an buɗe mata murfin inji ta huce, a ba lagireto ruwa, wani lokaci a tura ta kafin ta yarda ta tashi. Duk wannan lokacin namu ne. A nan nake jin wa ya rasu, wa ya kwanta, wa ya aurar. A nan muke gwada ciwon gwiwa, kowa na cewa nasa ya fi tsufa. A dawowa a sake. Shekaru muka yi a haka, girmana bai ragu da ko ƙwayar gero ba.

Sai mai ya yi tsada, ɗana ya fara ƙorafi. Wata ranar Asabar ya tafi Kano ya dawo da wata mota ruwan toka. Ina zaune a ƙofar gida ban ji zuwanta ba sai ganinta na yi a gabana, kajin da ke kiwo a wurin ma ba su ga dalilin tashi ba. Na ce ya aka yi, turo ta aka yi tun daga Kano? Ya ce a'a, haka take, sunanta haibirid. Ya zaunar da ni ya yi mini karatu: wai tana da injin fetur, tana kuma da wani ƙaton batir a ƙarƙashin kujerar baya, suna aikin karɓa-karɓa, in wannan ya ja sai wancan ya huta. Na tambaya ko jona ta ake da wuta, don na san halin wutar garinmu. Ya ce ita ke yi wa kanta caji tana tafiya. Na ce to alfadari ka sayo ke nan, ba doki ba, ba jaki ba. Ya yi dariya ya ce in jira in ga yadda take riƙe mai. Na sa masa albarka, na ce Allah ya tsare hanya. Da na san abin da nake sa wa albarka da na taƙaita addu'ar.

Tafiyar farko, na shirya kamar kullum. Akwai wata baƙar magana da na kwana biyu ina wasawa, a kan gemun taubashina da ya ƙi cika har yau, abin da ke nuna ƙuruciya. Muka fita Bebeji, muka wuce Kwanar Dangora. Ina satar kallon geji, don wannan nata da rai, kuma aji huɗu ya ishe ni in san wane gefe ne cike wane ne wofi. Allurar na tsaye a sama kamar an buga ta da ƙusa. Na ce a raina wannan ma mataccen ne, alhamdu lillahi. Da muka ratsa Tudun Wada na gyara hula, na kakkaɓe babbar riga. Na hango rumfar. Na hango shi a benci. Ɗana bai rage gudu ba. Ya dai danna hon, ya ɗaga hannu. Na ga taubashina ya ɗago kai, ya kare rana da tafin hannu, ya gane ni a gidan gaba ta cikin gilashi, har ya fara matsawa a bencin. Muka wuce.

Na ce, "Mai fa?"

Ya ce, "Baba, ai sai mun je mun dawo ba ta ci rabin tanki ba."

Ya ƙara da cewa ko da ma tana buƙata, makaniken da ya duba masa ita a Kano ya ja masa kunne kada ya kuskura ya zuba mata man jarka, sai na gidan mai. Da muka shiga daji, sai ya ce, da ladabinsa kuwa, in ina so ya juya mu koma in gaida Baba na Tudun Wada. In gaida! Ɗan da na haifa, na yanka wa rago, na kai makaranta har ya wuce inda na tsaya nesa ba kusa ba. Na ce ya kalli titi ya bar zancen manya. Duk gidanmu sun san maganar nan, amma su a wurinsu abin dariya ne na tsofaffi biyu. Ba su san abin da mutum ya tsare tun kafin a haifi iyayensu mata ba.

Daga nan na shiga yaƙi da motar, kuma ina so a rubuta cewa na yi iya ƙoƙarina. Na ji an ce sanyin mota na shan mai, sai na ce a ƙure shi, ni da gwiwoyina ba sa shiri da sanyi, na isa Doguwa sai da aka kama ni na fito. Allurar ta ɗan sunkuya kamar mai gaida surukinsa, shi ke nan. Na ji an ce nauyi na shan mai, sai na zama mai taimakon jama'a, duk wanda ke da saƙon buhu zuwa Doguwa na ce ya kawo, har da wata maƙwabciya da 'ya'yanta da tukwanenta. Wata tafiyar na ce kifin Tiga nake marmari, a bi ta can. Wata na tuno da wani dangi a Kiru da rabona da shi tun yana da gashi. Ɗana bai taɓa musa mini ba, motar ma haka. Ta kai mu, ta dawo da mu kan hanya, ta wuce rumfar da sauran mai a cikinta kamar ba ta je ko'ina ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai halinta a inda ya kamata ta sha. Ranar kasuwa, in cunkoso ya riƙe mu a cikin gari, tsohuwar motarmu a nan take buɗe maƙogwaro. Wannan kuwa sai ta kashe injinta da kanta, ta riƙa rarrafe da batir shiru kamar mage. In muka kai tsaunukan wajen Doguwa, hawa ne kawai take ɗan nishi, da an fara gangara sai ɗana ya nuna mini wani ɗan allo a gabansa, wasu kibiyoyi na komawa baya, wai birkin da yake takawa ne ke mayar da ƙarfi cikin batir. Wato abin da ta kashe a hawa tana karɓo wani abu daga ciki a sauka. Ni a rayuwata na ga marowata, na zauna da su, na ci abinci a gidajensu ban ƙoshi ba, amma ban taɓa ganin wanda ke cin riba da taka birki ba.

Na yi tunanin salla. Akwai ɗan masallaci kusa da rumfar. Amma matafiyin da ya wuce manyan masallatan cikin gari ya zo ya tsaya a na jikin bencin taubashinsa, ko makaho ya san ba alwala ce ta kawo shi ba, ni kuma ba na wasa da salla.

Haka damina ta wuce, aka yi kaka. Muna wucewa, ɗana na danna hon, ni ina kallon gaba kamar gwamna. Tun taubashina na ɗago kai har ya daina. Sai autata ta zo gida, ta ce motar hayar da ta shigo ta tsaya shan mai a wurinsa, ya ba ta saƙo. Wai ta gaya wa babanta ya yafe masa, ya san halin ƙanne, in suka samu abin duniya kunyar yayyensu suke ji. Na ce ta ji irin rashin kunyar yaran yanzu. Ta yi dariya, sannan ta ce amma fa Baba ya rame, ƙafarsa ɗaya ta kumbura, an ce ko masallacin Juma'a sai an ɗauke shi a babur.

Na kwana ina lissafi. Sa'o'inmu da muka yi wasan langa tare duk sun tafi, mu biyu muka rage. In ya bi su, ta'aziyya dai zan je, ita ba ta cikin lissafi, amma wa zan tarar a can in gaya wa gemunsa bai cika ba? Kuma in na je yanzu hannu sake, abin da uwata ta rantse a kai har ta bar duniya na zubar da shi a bakin titi saboda wani alfadarin ƙarfe.

Ina da injin ban ruwa a ɗan lambun tumatir ɗina na fadama, shi kuwa ɗan halal ne, yana shan mai kamar yadda Allah ya halicci inji. Tafiya ta gaba na ɗauko jarkarsa, wofi, na sa a but. Da muka doshi ƙarshen Tudun Wada na ce wa ɗana ya tsaya zan sayi man inji. Ya ce ai akwai gidan mai a Bebeji, mun kuma wuce wasu a hanya. Na ce injina man Tudun Wada ya fi karɓarsa. Ya sauka gefen titi, amma na ga kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na fito da jarkar a gabana, na ɗaga ta yadda kowa zai gani. Wurin kuwa da jama'a, ga mai faci, ga mai shayi, ga 'yan acaɓa a inuwa, ga wasu dattawa biyu a tabarma. Taubashina na benci, ƙafar a miƙe kan wani kututture. Autata ba ta yi ƙarya ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na yi sallama ga jama'a baki ɗaya, ban ware kowa ba, na ce a cika mini wannan. Ɗansa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki mazurari. Uban ya kalli jarkar, ya kalle ni, ya kalli motar da ke tsaye ba ta ko numfashi. Sannan ya kashe rediyo.

Ya ce, "Ajiye mazurarin nan. Babu mai."

Galan-galan na jere a tebur, cike, rana na haska su. Na nuna su da baki na ce waɗannan fa, zuma ce?

Ya ce, "Na masu mota ne. Taku an ce ba ta sha."

Na ce ba mota ba ce, inji ne. Ya ce bai ga inji ba, jarka ya gani, shi kuma ba ya sayar wa jarka, doka ta hana. Shi da ya tsufa a cikin jarkoki yau shi ke karanta mini doka. Sai ya juya wajen jama'a ya ce su zama shaida: ga mutum ya taso tun daga Bebeji, ya tsallake gidajen mai, ya zo ya tsaya a gabansa, kuma bai sayi komai ba. Ya ce shi bai yi boko ba, ko aji huɗu bai kai ba, su gaya masa mene ne sunan wannan. Mai faci, wanda ban taɓa yi wa laifin komai ba, ya ce gaisuwa. Dattawan tabarma suka gyaɗa kai.

Na ce, "Layi nake bi. A ƙasar nan mutum na wuni a layin mai, ba a taɓa cewa ya je gaida manaja ba."

Ya ce to in haka ne layin daga kan benci yake farawa. Ya kama ƙafar da hannu biyu ya sauke ta, ya matsa da ƙyar. Na zauna, jarkata a tsakanin ƙafafuna, don kada wani ya ce na saki hujja.

Muka zauna har la'asar ta gabato. Ya ba ni labarin ƙafar, asibitin da aka kai shi, da maganin da aka hana shi gishiri saboda shi. Na ce haka ake yi wa yaran da ba sa jin maganar manya. Na sauke masa maganar gemun da na ajiye tun damina, ya ce ta yi tsami. Ya lissafa mini waɗanda suka rasu a tsakani, akwai biyu da ban ji ba, muka yi musu addu'a. Ɗana na cikin motarsa yana shan sanyi, ita kuwa ko a tsayen ba ta yarda ta sha abin kirki ba, sai can ba a rasa ba injin ya ɗan yi gyaran murya ya sake yin shiru.

Ina ganin na fita lafiya, sai ga surukarsa, matar mai zuba man, ta fito da kwanon fura. Yarinyar nan shekara da shekaru Baba na Bebeji take ce mini. Ta durƙusa har ƙasa, ta ajiye kwanon a gabana, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba ƙarami."

Na waiga in ga wa take nufi, babu kowa a bayana sai tayoyin mai faci. Taubashina ya ɗaga kai yana nazarin rufin rumfa kamar yau ya fara ganinsa. Yaushe ya aika cikin gida, wa ya aika, har yau ban sani ba. Furar dai na sha, don ita ba ta yi mini laifi ba.

Tun daga ranar duk tafiya sai mun tsaya, zuwa da dawowa, kuma ko ɗigo ba a taɓa sayar mini ba. Ina nan a kan bakana cewa layi nake bi. Amma suna ya fi mota gudu. Ya bi 'yan acaɓa ya shiga Doguwa, autata ta ce har maƙwabtanta sun ɗauka. Ya biyo motocin haya ya iso Bebeji. Ran Juma'ar da ta wuce wani mai rake da ban taɓa gani ba ya ce mini Baba ƙarami a ƙofar masallaci, a garin da aka binne cibiyata, a gaban mutane.

Ɗana kuwa har gobe yabon motarsa yake. Yau ma ya zo yana gaya mini wai ya je Kano ya dawo, gobe kuma za mu Doguwa, duk a man da ya sha tun makon jiya, wai in ba haibirid ba wace mota ce za ta yi haka. Na ce masa na ji, Allah ya ƙara mata rowa. Ya tashi ya sa mini jarkata a but tun yanzu, kada mu manta da safe.